Me Kika Faɗa Mata?

Kai da ka ɗaga yadudduka ka tarar da littafin nan, mayar da shi yadda ka same shi. Ba awon kowa a ciki, ba lissafin ɗinki. In Baban Auta ne, na san halinka: za ka karanta, ka zo cin abinci da fuskar wanda bai san komai ba. To ka sani ina gane yadda na ajiye kayana. In kuma wani ne daban, ka ji kunya. Abin da mutum bai faɗa maka da bakinsa ba, ba naka ba ne.

Litinin, bayan azahar

An tara mu iyayen ajin su Auta a ɗakin taro, kan kujerun roba, fanka na kuka a sama kamar za ta faɗo. Shugabar makaranta ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta iso kan maganar da kowa ya sani. Yarinyar da ke zama benci ɗaya da Auta, 'yar mai sayar da katako, ta rasu makon jiya. Ba ciwo ta yi ba, ba mota ce ta buge ta ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Sauran Allah ya sani.

Sai aka gabatar mana da wata mata, wai malamar ba da shawara ce, za ta riƙa zama da yaran ɗaya bayan ɗaya kowace Talata a ɗan ɗakin da ke gefen laburare. Ba yarinya ba ce, za ta yi sa'ata. Tana ɗingisa ƙafar hagu, kuma kalmasar siket ɗinta ta warware ta baya. Telan da ya yi mata wannan aiki bai ji tsoron Allah ba. Tana da murmushi irin na masu son a saki jiki da su. Ban yarda da irin murmushin nan ba.

Na ɗaga hannu na ce, "Malama, abin da yaro ya faɗa a ɗakin, yaushe ake sanar da uwarsa?"

Ta ce, "Ba a sanarwa, Hajiya. Sai in na ga yaron yana cikin haɗari. Wannan kam a ranar za ki ji."

Na ce, "Ni da na haife ta, da ke da kika gan ta yau, wa ya kamata ya san cikinta?"

Ta ce, "Ke. Ni taya ki zan yi."

Duk unguwa ta san tare da Auta yarinyar ta taho daga makaranta a ranarta ta ƙarshe. An gan su tare a bakin titi. Yanzu kuma an kawo baƙuwa za ta shiga ɗaki da 'yata ta rufe ƙofa. Su shawara suka kira shi. Ni bincike na ji.

Litinin, da magariba

Auta ba ta ci ba. Ta juya cokali, ta juya, ta ce ta ƙoshi.

Talata, da safe

Na cire sakatar ƙofar ɗakinta. Na ce wa Babanta ta yi tsatsa. Ya dubi sakatar, ya dube ni, ya sa ta a aljihu. Magungunan da ke kan firji na kwashe na kai shago na kulle a durowa. Gida ya fi kyau ba tarkace.

Talata, bayan la'asar

Ta zo shago bayan an tashi, kamar kullum, na ba ta riguna ta sa musu maɓallai. Tun tana ƙarama abu ɗaya na kafa mata: in na tambaya a ba ni amsa, kuma a ba ni gaskiya. Yayyenta maza biyu sun sha yi min ƙarya kafin su bar gida, na sha kama su. Auta ba ta taɓa ba. Ko kofi ta fasa, ita za ta kawo min gutsattsarin a hannu.

Na ce, "Me ta tambaye ki?"

"Ta ce yaya barci."

"Kika ce me?"

"Na ce ba na yi sosai."

"Sai me?"

"Ta ce wa ke zama kusa da ni yanzu. Na ce ba kowa, jakata nake ɗorawa a wurin."

"Ta rubuta?"

"Ko biro ba ta da shi, Umma."

Ko biro ba ta da shi. Wato a ka take riƙewa. Irin waɗannan sun fi masu biro haɗari.

Na ce, "In ta sake tambayar barci, ki ce lafiya lau."

Ta ɗago ta dube ni. "Ai ba lafiya lau ba ne, Umma."

Na ce ta kula da maɓallinta, ya karkace.

Laraba, da hantsi

Mai kitson da ke shago kusa da nawa ta leƙo da mataji a hannu, ta bar kan mutane rabi a tsefe.

"Maman Auta, ki buɗe ido. Irin matan nan, a yi ta 'yar hira da yaro, ashe rahoto ake haɗawa. Ƙanwar mijina ta ce a makarantar 'ya'yanta, duk yaron da ya cika shiga ɗakin sai a fara nuna shi da baki, wai kansa ya taɓu."

Na ce, "Ƙanwar mijin nan taki ba ta taɓa rasa labari ba."

"Kuma mai katako ya rantse sai ya san wanda ya san abin bai faɗa ba."

"Wa ya ce?"

"Ana faɗa."

"Ana faɗa ɗin nan ai a shagonki yake kwana. Je ki ƙarasa wa baiwar Allah kanta."

Na kore ta, amma layin da na ɗinka bayan tafiyarta sai da na farke shi.

Rigar makarantar 'yar mai katako tana nan cikin ɗinkin da ba a karɓa ba. Uwarta ce ta kawo yadin kafin abin ya faru, wai ta yi tsawo, tsohuwar rigar ta ɗage mata. Na gama jiki, saura hannu ɗaya. Na mayar da ita can bayan sauran don kada Auta ta gani.

Alhamis, da magariba

Na gaya wa Babanta zan cire ta daga zaman Talatar nan. Yana zaune a falo da injin firjin wani a gabansa, ya baje kusoshi a kan tirena mai kyau.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, alƙaliya. An saurari wadda ake ƙara kuwa?"

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma. In aka kawo min firji yana ƙara, ba na toshe masa baki. Bayansa nake buɗewa."

"'Yata ba firji ba ce."

"Ai shi ya sa ban je mata da sukudireba ba. Ki bar wadda ta iya ta gwada."

"Ta iya me? Matar da ko tela ba ta iya zaɓa ba."

Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya ce, "Kin ga wuyan hannunta kuwa? Agogonta zamewa yake."

Na gani. Ni na rage ƙugun siket ɗinta jiya ban gaya wa kowa ba. Na ce to, ta ƙara zuwa sau ɗaya, mu gani.

Asabar, da rana

Mu da muka taso, in an yi rashi, a yi kuka, a yi addu'a, a tashi a share gida. Ba wanda ya kai mu ɗaki ya tambaye mu abin da ke ranmu. Abin da ke ranmu namu ne. Yanzu an koya wa yara baƙin ciki sai an baje shi gaban baƙo kamar kayan gwanjo. Kuma maganar da ta fita daga gida ba ta dawowa ita kaɗai, sai ta taho da ƙari.

Na duba wayarta tana wanka. Ba komai a ciki. Gogewa ta yi, ko da ma babu? Yarinya 'yar sha biyar, waya fes kamar yau aka saya. Wannan ma abin dubawa ne.

Lahadi, da yamma

Na yi ta leƙa ɗakinta. Kowane shiga ina da dalili: tsintsiya, almakashi, labule ya karkace. Tana kwance, ido biyu.

Talata, bayan la'asar

Na ba ta maɓallai. Na ce, "Yau me kika faɗa mata?"

Ta daɗe tana neman ramin allura. Sannan ta ce, "Na gaya mata abin da ta ce min a hanya."

Ban tambayi wa take nufi ba.

"Ta ce min ta gaji. Na ce kowa ma ya gaji, ga jarrabawa ta matso. Ta ce ba irin wannan gajiyar ba. Ta ce mu ɗan zauna. Na ce in na makara Umma za ta yi faɗa, gobe ma ƙarasa."

Na tashi na janyo ƙofar shago. Mai kitso kunnenta har bango yake hudawa.

Na ce, "Ban da matar nan, wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"To kada ki ƙara. Ko ita ta sake tayar da maganar, ba ki da abin cewa. In wannan ya je kunnen mai katako, cewa za a yi kin sani kika yi shiru."

Ta ce, "Ai na sani, Umma. Na kuma yi shiru."

Na ce, "Rufe min baki."

Ta rufe.

Na yi daidai. Ita yarinya ce, ba ta san yadda mutane ke ɗaukar magana ɗaya su rataya wa mutum har tsufansa ba. Ni na sani. Wannan mata zama biyu kawai ta yi da ita ta zaro abin da ni ban ji ba a gidana. In ba gwanar bincike ba, wa zai iya haka? Na yi daidai.

Laraba, da safe

Shayi rabin kofi.

Alhamis, da magariba

Babanta ya yi mata wasan da yake mata tun tana rarrafe, ya ce ta zo ta riƙe masa fitila ya naɗa ta mataimakiyar injiniya. Ta riƙe fitilar. Ba ta yi dariya ba, ba ta ce komai ba. Da ya gama ta ajiye ta koma ɗaki. Ya dube ni. Na ce me kake kallo.

Asabar, da hantsi

Gaisuwa kawai. Ina kwana, sai da safe. In na aike ta ta je, in na kira ta ta zo. Mutum ba zai ce ta yi laifi ba. Gara yaro ya yi min rashin kunya in san inda zan kama shi.

Na yi daidai.

Talata, bayan la'asar

"Me kika faɗa mata?"

"Ban ce komai ba."

"Ita me ta ce?"

"Ta ce sannu da zuwa. Da aka buga ƙararrawa ta ce sai wani makon."

"Tsakanin sannu da zuwa da sai wani makon fa?"

"Ba komai, Umma."

Na ajiye almakashi. Shekara goma sha biyar yarinyar nan ba ta yi min ƙarya ba, sai da aka kawo mai murmushi. Mutum biyu su shiga ɗaki su rufe ƙofa, a ce ba wanda ya yi magana? Ita ta kitsa mata. Ta ce mata, in uwarki ta tambaya ki ce ba komai. Haka ake raba 'ya da uwa, a hankali, da ruwan sanyi da sannu da zuwa.

Babanta ya ce, "Wataƙila gaskiya ta faɗa."

Na ce shi da ma kowa mai gaskiya ne a wurinsa, shi ya sa rabin unguwa ke shan ruwan sanyi da guminsa.

Juma'a, da yamma

Na sake rage ƙugun siket ɗin.

Lahadi, da safe

Zan je in gani da idona.

Talata, da yamma

Na ɗauki kayan makarantar da na gama wa 'yan ƙaramin aji, wai ofis zan kai. Maigadi ya san ni, bai tambaya ba. Bayan laburare akwai lungu inda ake tara karyayyun bencina, tagar ɗakin tana kallon wurin, gilashi ɗaya ya fita. Nan na tsaya, mace da girmana, cikin ciyawa. Ban ji kunya ba. 'Yata ce a ciki.

Kujeru biyu, ɗan tebur, jug na ruwa da kofi. Auta ta ba taga baya, ƙeyarta kawai nake gani. Matar ta cire takalmi ɗaya tana murza gwiwa. Na kasa kunne. Ba magana. Na jira. Ba magana. Sau ɗaya matar ta tura mata kofin ruwa, Auta ba ta taɓa ba. Ƙafafuna suka yi tsami, cinnaku suka same ni. Har aka buga ƙararrawa ba wanda ya ce uffan. Da Auta ta miƙe ta rataya jaka, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi wani abu gajere, ƙasa-ƙasa, ban ji ba. Matar ta gyaɗa kai.

Na bari ta yi nisa, na zagayo na shiga ba sallama.

Matar ta ce, "Sannu, Maman Auta. Da ta ƙofa kika biyo ai da na ba ki kujera a waje. Lungun nan cinnaku gare shi."

Na ce, "Na zo in cire 'yata."

"Ikonki ne. Amma zauna tukuna, ƙafata ba ta son in yi magana a tsaye."

Na zauna a kujerar Auta. Da ɗuminta.

"Ke kika koya mata ta ce min ba ta ce komai ba?"

"Ai kin gani da idonki."

"Na yau na gani."

Ta ce, "Abin da ake yi a ɗakin nan ba na fitar da shi. Amma yanzu da za ta fita ta ba ni saƙo, ta ce in na taɓa haɗuwa da ke in isar. Ta ce, 'Ki gaya wa Umma ba ƙarya nake mata ba. Na daina magana a nan ne, don in ta tambaye ni na ce ban ce komai ba, ya zama gaskiya.'"

Na dubi bango. Akwai wata bishiya da yara suka zana aka manna, ko kyau ba ta da shi.

Na ce, "Wa kike kai wa rahoto?"

"Shugaba tana sanin yaran da na gani sun zo ko ba su zo ba. Shi ke nan."

"Mai katako fa?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Ba wanda ya aiko ni neman mai laifi, Hajiya. An aiko ni ne don kada abin ya sake faɗa wa wani yaro a ajin nan."

Akwai tambaya ɗaya da na so in yi. Ko Auta ma tana tunanin bin ƙawarta. Matar ta dube ni ta ce, "Abin da kike tsoro, na tambaye ta shi kai tsaye tun zaman farko, kuma kowane mako tana shigowa take sake amsa min da kai, ba sai na furta ba. Tambaya ba ta sa wa yaro tunanin da babu shi. Ko kai ta girgiza min, amsa ce. Ranar da amsar ta canza, ba waya zan yi miki ba, da ƙafar nan zan zo shagonki kafin a tashi." Ta mayar da takalminta. "Amma yaron da ya rufe baki a gida, ya zo nan ma ya rufe, shi ne ba na ganin cikinsa. Shi nake tsoro."

Sannan ta ce, "Ke kina samun barci?"

"Ba ni aka kawo miki ba."

"Ranar Alhamis muna zama da iyaye mata, in kin samu sarari."

"Ina da ɗinki."

Na kai bakin ƙofa na juyo. Na ce, "Ki aiko da siket ɗin nan naki mai ruwan ƙasa. Tun ranar taro kalmasarsa ke cin raina."

Ban cire ta ba. Ban kuma ce na yarda ba.

Laraba, da safe

Zai iya zama dabara. Ta gan ni a taga, tana da lokacin shirya magana. Amma "ya zama gaskiya" ba bakin baƙuwa ba ne. Na san inda aka koyi wannan.

Alhamis, da hantsi

Ta aiko da siket ɗin ta hannun maigadi. Na laluba aljihunsa. Ba komai.

Asabar, bayan azahar

Matar mai katako ta zo shago.

Ina ganinta a ƙofa na tsayar da keken ɗinki. Auta na can ciki tana guga. Na yi niyyar in aike ta sayo zare, amma matar ta riga ta shigo. Ta rame har mayafinta ya yi mata yawa. Na ce a raina, to, yau ce ranar. Na shirya amsoshina.

Muka gaisa. Na sake yi mata gaisuwar rashi. Ta ce, "Maman Auta, rigar nan na zo karɓa."

Na ce saura hannu ɗaya, ta ba ni zuwa gobe.

Ta ce, "Bar ta haka. Wa zai sa?"

Na ciro ta daga bayan sauran, na naɗe. Sai ta hango Auta. Ta ce, "Zo nan, 'yata." Ta kama hannunta biyu ta riƙe, tana duban ta sama da ƙasa kamar mai awo. Ta ce, "Kin rame. Ki riƙa ci, kin ji? Kullum sunanki ne a bakinta."

Sannan ta juyo gare ni, ba tare da ta saki hannun ba. "Kin san ta gaya min ta gaji? Da safen ranar. Ina ta fama da wanki, na ce ta miƙo min bokiti. Babanta ma ta gaya masa, ya ce ta sha maganin ciwon kai. Duk ta gaya mana. Ba wanda ya ji. Yanzu shi ko shago ba ya iya fita, yana zaune yana kallon takalmanta."

Mutumin da aka ce ya rantse ke nan.

Auta ta buɗe baki. Na ga maganar ta taho. Sai ta juyo ta dube ni, ta mayar da bakin ta rufe. Matar ta jira kaɗan, ta shafa kanta, ta ɗauki rigar ta tafi.

Na sha ganin yara suna kallon iyayensu don tsoro, na sha ganin masu kallo don raini. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Umarni na bayar, tana bi. Dutsen guga ya ƙona wuyan wata riga, ban yi faɗa ba.

Lahadi, da yamma

Mai kitso ta aiko tambaya wai me matar ta zo yi. Na ce a gaya mata ɗinki.

Litinin, da safe

Tana ɗaura takalmi na tsaya a kanta. Na ce, "Maganar da na ce kada ki ƙara faɗa, na janye. Gobe ki faɗa wa matar abin da kika ga dama."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Za ki tambaye ni?"

Na ce, "Tashi, za ki makara."

Ban amsa ba don ban san amsar ba. Ni ma ba na ƙarya.

Talata, bayan la'asar

Tun azahar tambayar ke zaune a bakina. Na san kaina. In ta shigo, kafin ta ajiye jaka tambayar za ta fita.

Da na hango ta daga bakin titi, na jawo wata doguwar riga da ba a ma gaggawarta, na shimfiɗa a tebur, na ɗebi fil na jera a leɓena kamar yadda nake yi in zan kama kalmasa. Mai fil a baki ba ya magana, sai in yana son ya haɗiye ɗaya.

Ta shigo ta yi sallama. Na amsa da hanci. Idanunta sun kumbura sun yi ja, gaban hijabinta a jiƙe. Ba a yin irin wannan kuka a yi shiru. Ta yi magana ke nan. Me ta ce? Ta faɗi na makara da faɗan Umma? Ta faɗi na rufe min baki? Me matar ta ce a kaina?

Na cire fil ɗaya na soka a riga. Na mayar da wani a madadinsa.

Ta zauna ta jawo gwangwanin maɓallai. Ta ɗago ta dube ni, tana jira. Na nuna mata rigunan da haɓa. Ta sake dubana. Na ci gaba da kalmasa. Na kama rigar nan ta zagayo, na ga ba ta yi daidai ba, na warware na sake. Da ma daidai take.

Can ta ce, "Umma."

Na ce, "Mm."

"Akwai burodi a durowa?"

Akwai. Ta ci rabi a zaune a wurin, tana zubar min da ɓarɓashi a kan yadin mutane. Na gani. Fil na bakina.

Laraba, da safe

Har yanzu ban san abin da ta faɗa ba. Ya tsaya min a ƙirji kamar ƙashi, kuma da alama nan zai zauna. Matar nan ban ce na yarda da ita ba. Idona na kanta, kuma ta yi min alkawari da bakinta, in ta saɓa za ta san wa ta yi wa.

Na tara su kafin kowa ya fita, ita da Babanta, na kuma kira yayyenta a waya don kada wani ya zo hutu ya ce bai ji ba. Ga abin da na kafa.

Daga yau, a gidan nan, abin da Auta ta faɗa ranar Talata nata ne. Ba mai tambayarta me ta ce, ba mai tambayar me aka ce mata, ba kai tsaye ba, ba a fakaice ba, ba da sunan wasa ba. In ta ga dama ta kawo da kanta, a ajiye abin da ake yi a saurara har ta kai ƙarshe, kuma kada a gyara mata ko kalma ɗaya. Dokar ba ta tsallake kowa ba, har wadda ta kafa ta. Wanda ya ji bakinsa na ƙaiƙayi, ya zo shago, akwai fil.